Kirem da Wayar Keke

An turo ni aiki Diffa a shekarar da na gama takaba. Mijina direba ne a Damagaram, ciwon hanta ya ɗauke shi, ya bar ni da ƴa ɗaya da kuma sana'ar da na koya tun ina budurwa, wato buga takardu da mashin. Da aka ce akwai gurbin sakatariya a wani biro, wato ofis, na noma can gabas, ban yi gardama ba, ko da yake ban taɓa wuce Gure ba a rayuwata. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta ce in bar mata yarinyar, tunda ta riga ta shiga lakwal, wato makarantar boko, kuma ban san inda zan sauka ba. Na bar ta. Ranar da zan tafi tana tsakar gida tana wasa da gwangwani, ban ma kira ta ba.

Ƴar fari ce. A gidanmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Haka Inna ta yi wa yayana, haka ni ma na yi. Yarinyar ta tashi tana kiran kakarta Inna, ni kuma tana ce mini Yaya, kamar yadda ta ji ƙannena suna faɗi. A Damagaram wannan bai taɓa damuna ba, domin kullum ina ganinta ko da ban dube ta ba.

Na sami ɗaki a gidan wata tsohuwa Babarbariya da kowa ke kira Ya, wato uwa a bakinsu. Tana da gonar tattasai a bakin Komadugu, ƴaƴanta maza suna noma mata, ita kuma tana kula da shanya da ajiya. Hausarta ta kasuwa ce, ba ta raba mace da namiji, kullum "kai" take ce mini. Mukan gaisa da safe, mukan gaisa da yamma, iyakar abin ke nan. Matan unguwa in sun taru a gindin bishiyar dogon yaro da ke tsakar gidan, da Kanuri suke hira. In na zo su juya zuwa Hausa don ladabi, hirar ta yi sanyi, sai in ga na zame musu nauyi, in tashi in koma ɗaki. A biro kuwa ni kaɗai ce mace. Mazan sukan fita rangadi wajen Geskeru da Boso su yi kwanaki, a bar ni da mai gadi da ƙarar mashin ɗina.

Lahadi ce ta fi mini tsawo. Nakan yi wanki ko da kayan ba su yi datti ba, in yi guga, in sake share ɗakin da na share da safe. La'asar ba ta zuwa da wuri a garin da babu wanda zai leƙo ka.

Ana cikin haka, wajen ƙarshen kaka, wani direban kar, motar fasinja, da ya san gidanmu ya tsaya ƙofar biro ya ce Inna tana gaishe ni, kuma ta ce in an ba da hutun lakwal na sanyi za ta haɗa yarinyar da matarsa su zo. Na yi masa godiya kamar wadda aka kawo wa labarin ɗan maƙwabta. Da ya tafi na zauna gaban mashin, na kasa tuna inda na tsaya a takardar.

Tun daga ranar na shiga tunanin abin da zan ba ta. Tufafi Inna na ɗinka mata. Kifi da shinkafa kowa na iya dafawa. Sai na tuna wata liyafar suna da muka je a gidan wani babban ma'aikaci, mahaifin yarinyar yana da rai a lokacin. An kawo gato, wato kek, mai farin kirem a sama, aka yanka wa yara. Ina daga nesa ina kallonta, ta lashe farin tas, ta bar gaton, sannan ta bi faranti da yatsa. Na gani, na kuma riƙe a raina.

Kirem ɗin nan ba baƙona ba ne. Mahaifina kuku ne, ya yi shekaru yana dafa wa Turawa abinci a Damagaram. Ina ƙarama nakan kai masa saƙo bayan gidan Turawan, in tsaya bakin madafa. Na sha ganinsa da tasa a bisa wata tasar mai ƙanƙara, yana kaɗa wani farin ruwa da abin kaɗi na waya, hannunsa yana gudu kafaɗarsa ba ta motsi, har ruwan ya kumbura ya tsaya kamar audugar da aka shiɓe. Yakan miƙo mini abin kaɗin in lashe. Bai taɓa koya mini ba, ni ma ban tambaya ba, kuma ya rasu kafin in yi aure. Abin da ya rage mini kawai shi ne abin da idona ya riƙe.

A Diffa ta wancan lokacin babu inda ake sayar da kirem. Na ji ana cewa matan manya a Yamai suna da injin kaɗi mai aiki da kuran, wato wutar lantarki, to ni ko kuran ɗin ma ba a ja mana zuwa gidan Ya ba. Amma madara akwai ta, mai kyau kuwa. Wata Bafillatana takan bi ta layinmu da safe da ƙwarya a ka, rugarsu na kusa da Gagamari. Na ce ta riƙa kawo mini madarar da aka tatsa a ranar, wadda ba a taɓa ba.

"Ba kindirmo ba?" in ji ta.

"A'a, Goggo, ɗanya nake so. Afararin nake nema."

Afarari shi ne kitsen nan da ke tasowa saman madara in ta kwana. Ta dube ni, ta ce ai da na faɗa mata man shanu nake so da ta kawo mini a dunƙule, ta hutar da ni. Na ce ba mai nake so ba. Ta ce to, Allah ya ba da sa'a, ta ɗora ƙwaryarta.

Gwajin farko tafasa madarar na yi sosai don tsoron ciwo, sai ta yi mini wata fata a sama wadda ko an kaɗa ba ta tashi. Daga baya na gane in ɗumama ta kawai har ta fara tururi, in sauke, in juye a faffaɗar tasa, in rufe da faifai, in ajiye bisa jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. Da asuba sai in tarar saman ya yi kauri, ya ɗan yi rawaya, in bi shi da cokali a hankali in kwashe. Abin da ake samu kaɗan ne, sai an tara na safiya biyu ko uku kafin ya isa kaɗi, kuma in ba a yi hankali ba na farkon ya yi tsami kafin na ƙarshen ya zo.

Sai matsalar abin kaɗi. Na ɗauki maburgin miya na wanke shi da toka, na murza tsakanin tafukana har suka yi zafi. Kumfa ta taso ta kwanta, kuma duk wankin da na yi ƙanshin kuka da daddawa bai bar icen ba. Na gwada cokali mai yatsu guda biyu a haɗe, hannuna ya gaji kafin a je ko'ina. Ranar wata kasuwa na tsaya wajen mai gyaran keke, na zana masa siffar abin a ƙasa da tsinke. Ya ciro wayoyin tsohuwar ƙafar keke, ya lanƙwasa su kamar kan ƙwai, ya tattara gindinsu ya ɗaure da siririyar waya, ya naɗe da robar tayar ciki don riƙo. Ya tambaye ni ko tarkon ɓera ne. Na goge shi da yashi da lemun tsami har ya yi ƙyalli.

Ƙanƙara kuwa a wajen matar wani soja na samu, a bayan layinmu. Tana da firigo, tana sayar da ruwan sanyi a leda. In an kwana da kuran, akwai ƙanƙara. In an ɗauke, sai haƙuri.

Ya tana kallon duk wannan daga tabarmarta, tana cire hancin tattasai. Wata rana ta ce, "Madam, kai kana ɓata mai. Ka zuba a gora ka girgiza, shi ke nan." Na ce mata wani abu ne daban. Ta ce, "To," ta ci gaba da aikinta.

Wata safiyar Lahadi komai ya haɗu. An yi sanyi sosai, an kwana da kuran, afararin bai yi tsami ba. Na daka sukari a ƙaramin turmi har ya zama gari, na tankaɗe. Na fasa ƙanƙara a babbar tasa, na ɗora ƙaramar tasar silba a kai, na bar ta ta yi sanyi har yatsa yana manne mata, sannan na zuba. Na karkata tasar na soma kaɗi. Da fari ba abin da ke faruwa, sai ƙarar waya a jikin tasa da tsamin da ke hawa daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu. Na tuna kafaɗar mahaifina, na saki tawa, na bar wuyan hannu ya yi aikin. Can sai ƙarar ta sauya, ta yi taushi, wayar ta fara barin sawu a bayanta. Na barbaɗa sukari, na ci gaba. Da na ɗaga abin kaɗin, farin ya biyo shi ya yi tsini, tsinin ya ɗan sunkuya, ya tsaya.

Na ɗago kai don in nuna wa wani. Tsakar gidan babu kowa, duk sun tafi gona, sai kaji. Na zauna da tasar a cinya ina kallonsa har ƙanƙarar ta fara narkewa. Na ci cokali biyu, na rufe sauran. Da Ya ta dawo na kai mata. Ta ɗanɗana, ta motsa baki tana neman abin taunawa, ta ce, "Da daɗi. Amma iska ne, babu abinci a ciki." Duk da haka ta shanye.

Yarinyar ta iso wata yamma, ƙafafunta sun kumbura don zaman mota. Ta yi tsawo, haƙoran gabanta da na bari a faɗe sun fito manya. Matar direban ta miƙo mini ita da ƙullin kayanta. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda ake gaida baƙuwa, na amsa ina duban ƙullin, na ce ya Inna, ta ce tana lafiya. Muka taho gida tana bayana da taku biyu.

Washegari na tashi tun kiran salla na kaɗa mata. Ya yi kyau, ya fi na ranar Lahadin. Ba ni da murhun gasa gato, don haka na sayo burodi mai zafi, na yanka, na ɗora farin a kai tuli guda, na ajiye gabanta na juya ina gyara gado, ina kallonta ta gefen ido. Ta duba, ta taɓa da yatsa, ta kai baki. Sai ta ajiye.

"Ba ki ci ba," na ce.

"Yana warin hayaƙi, Yaya."

Gaskiyarta ce. Filani suna turara ƙoransu da hayaƙi, madarar takan ɗauki ƙanshin, ni kuwa na saba har na daina ji. Na ce ai irin wanda ta sha ne a gidan suna, a kan gato. Ta ce ba ta tuna ba. Ta kankare farin da gefen cokali a hankali, don kada in ji haushi, ta ci burodin da shayi.

Na fita da tasar bayan ɗaki. Ban yi kuka ba, ban kuma iya zubarwa ba. Na tsaya nan na cinye shi duka, har ya ginshe ni, na wanke tasar, na rataye abin kaɗin a ƙusa, na tafi biro.

Kwanakin da suka biyo baya ba a wurina ta yi su ba. Ina aiki da rana, Ya kuwa ta ɗauke ta tun ranar farko, tana ce mata "yaro, zo mu tafi." Takan bi ta gona, ta ga yadda ake jan ruwa daga kogi, ta taya shanya tattasai a fili har ya rufe ƙasa ja wur. Takan dawo da atishawa da jajayen yatsu da kalmomin Kanuri a baki, waɗanda ni na yi wata da watanni ban koya ba. Nakan ji dariyarta daga ɗakin tsohuwar. In ta shigo nawa sai ta nutsu, ta zauna bakin katifa, ta amsa abin da aka tambaye ta kawai. Ban ga laifinta ba. Ni ce na koya mata hakan, kuma ban san yadda ake warware shi ba.

Ana jibi za ta koma, ranar Asabar ce, ina zaune ina tsince shinkafa, sai ta nuna ƙusa ta ce, "Yaya, wancan na mene ne?"

Na ce da shi ake kaɗa farin nan.

"Da wayar keke?"

"Da wayar keke."

Ta yi ƴar dariya ta rufe baki. Ta ce ko za ta iya gwadawa. Akwai ragowar afarari a gindin randa, domin ban hana Bafillatanar kawo madara ba, na kasa faɗa mata cewa an gama. Na yafa gyale na je wurin matar sojan, Allah ya sa akwai ƙanƙara. Muka zauna bisa tabarma a ƙofar ɗaki, ni na riƙe tasar don kada ta zame, ita ta riƙe abin kaɗin da hannu biyu. Gwiwarta na taɓa tawa.

Tana kaɗawa sai bakinta ya buɗe, wataƙila don idonta na kan tasa ba a kaina ba. Ta ba ni labarin mushensu, wato malaminsu na lakwal, mai dukan allo da sanda in ya fusata, da akuyar Inna da ta haifi uku ɗaya ya mutu, da wata ƙawarta da suka ɓata kan alli. Ta ce Inna yanzu ba ta gani sosai da yamma, ita ke zura mata zare a allura. Ban san wannan ba. Direban bai taɓa faɗa mini ba.

Farin ya tashi ya yi tsini. Nan ya kamata a tsaya, na kuma gani sarai. Amma tana tsakiyar magana, sai na ƙyale ta.

"Baba ya taɓa shan wannan?" ta tambaya, ba ta ɗago ba.

"Bai taɓa ba. Lokacin ban iya ba."

"Ni na manta muryarsa," in ji ta. "Fuskar ina tunawa, saboda hoton da ke ɗakin Inna."

Na ce muryarsa ƙasa-ƙasa take, kuma in zai yi dariya sai ya fara tari. Ta ce haka ne, ta tuna tarin. Ta ci gaba da kaɗi da ƙarfi. Farin ya fara yin tsaki-tsaki, ya koma rawaya, sannan ruwa ya ware gefe guda, wani abu ya dunƙule cikin wayoyin. Ta tsaya, ta dube ni a tsorace.

"Na ɓata?"

"Ba ki ɓata ba. Man shanu kika yi."

Ta ɗaga abin kaɗin tana juya shi, ta tashi da gudu ta kai wa Ya ta gani. Na ji tsohuwar tana faɗin wani abu da Kanuri, su biyu suka kwashe da dariya. Da rana na dafa shinkafar da bandar kifin Boso, muka narka man a kai. Akwai sukari a cikinsa, ɗanɗanon ya fito wani iri, ga kuma hayaƙin nan da ta ƙi, amma ta ci har ta ƙara, domin ita ta yi.

Ranar tafiya muka je tasha da sassafe. Ya ta ba ta ƙullin busasshen tattasai ta kai wa kakarta, ta tofa mata addu'a a ka. Ni na ba matar direban guzuri, na ce ta kula da ita a Maine in an tsaya cin abinci, kada ta sauka ita kaɗai. Yarinyar ta sami wuri a tsakiya, tsakanin wata mata mai goyo da buhunan kifi, ba ta kusa da taga. Na zagaya motar ta ɗaya gefen ko zan hango ta, kan mutane ya tare. Da motar ta tashi na ga wani hannu ya ɗago daga ciki, ban tabbata nata ba ne, amma na ɗaga nawa.

Na yi shekaru a Diffa bayan wannan, har aka kawo mana kwamfuta a biro aka ajiye mashin ɗina a sito. Ta sake zuwa sau ɗaya, a wani hutu, lokacin zafi ne, Filani sun yi nisa da shanu, madara ba ta kwana ba ta lalace ba. Daga nan idon Inna ya rufe gaba ɗaya, yarinyar ta zama ita ce hannunta da ƙafarta, ba ta iya barin gida. Ni nake zuwa in an ba ni hutu, in kwana kaɗan in dawo. Na nemi a mayar da ni Damagaram tun a shekarar farko, ba a amsa ba sai da ta kusa gama kwaleji. Da na koma na tarar da budurwa mai riƙe da gida, ta san inda komai yake, ni ce nake tambayarta inda ake ajiye gishiri.